Shekarar Mai Gas Ta Fi Tawa Tsawo

Karatuna bai wuce aji biyu na firamare ba, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Amma na iya tuwo. Sarin wayoyin hannu ya kai ni Guangzhou, aka haɗa ni da kwali uku da ko tari ba sa yi in an kunna su. Kunyar komawa Kano ta sa na kama ɗaki biyu a hawa na huɗu, cikin lungun da ke bayan dogon benen Tianxiu, na ɗora tukunya. Namiji da furfurarsa yana tuƙa tuwo. 'Yan kasuwa suka yi dariyarsu, suka ƙoshi, suka dawo washegari.

Mai sayar min da gas wani ƙaton ɗan Caina ne mai shago a bakin lungunmu. Kowa laoban yake ce masa, wato maigida. Ranar ɗaya ga azumi, shekara guda kafin wasan Olamfik, ya kawo min takarda. Wani Alhaji ɗan Maraɗi, mai safarar atamfa, wanda ya daɗe a garin har yana jin yarensu, shi ya fassara min. Tukwanen gas huɗu, farashi ɗaya har shekara, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Zan bar kuɗin ajiya na tukwanen a hannunsa. In na bar shi kafin shekara ta cika, ko na shigo da tukunyar wani, ajiyar ta zama tasa. Na dangwala babban yatsa. Ajiyar nan kuwa ita ce ragowar jarina kaf.

Sai shekarar wasan ta zo, komai ya haukace. Biza ta yi wuya, masu cin tuwona suka ragu, farashin gas kuwa kullum sama. Ni ina kwance a kan tsohon farashina kamar mage a kan buhun gero. Ana saura wata guda shekarar takardarmu ta cika, laoban ya hawo benen da kansa yana haki, da sabuwar takarda da murmushi. Ya danna kalkuleta ya juyo min da ita. Da na ga sabon farashin, na ɗauka hannunsa ne ya zame.

"Olamfik," in ji shi. "Sa hannu yanzu. Gobe ya fi haka."

Alhaji ya ajiye loma ya ce, "Baba, ka dangwala. Masu dafa abincin unguwar nan duk sun dangwala."

Na ce, "Alhaji, ka taɓa ganin mai hankali ya sayi rago ranar jajibere, har ya yi rantsuwa cewa a kuɗin nan zai riƙa saye shekara guda? Biki ne. A nannaɗe tutoci mu gani."

"Kai dai Bakano ne. Taurin kai kamar kwakwa."

Na riga na yi shirina. Akwai wata mata a wani lungu can wajen unguwar Xiaobei, mai ɗaure tukwanen gas a bayan keke. Ba ta da takarda, farashin ranar kawai. Sai dai ita ma tana son ajiyar tukwanenta, ni kuwa ba ni da abin ba ta sai wanda ke hannun laoban. Ke nan dabarar ita ce in fita daidai ranar da shekara ta cika, kada in riga, kada in makara.

Na yi lissafina tsaf. Ɗaya ga azumi na dangwala, ɗaya ga azumi zan kwance. Har na riƙa dafa ganda da ƙafar saniya don in ƙone gas ɗin tas, kada in mayar masa da ko numfashi.

Ranar da aka ce gobe za a tashi da azumi, na jera tukwanen a bakin ƙofa, na aika aka kira shi. Na sa babbar riga. Na yi masa jawabi da Hausa zalla, na ce zama ya yi daɗi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa, ya miƙo ajiyata. Alhaji ya fassara. Laoban ya dube ni, ya dubi tukwanen, sai ya fashe da dariya har tumbinsa na rawa. Ya zaro takardar ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi.

Na ga fuskar Alhaji ta sauya. Ya ce, "Baba, da wace shekara ka ƙirga?"

"Shekara nawa ce a duniya?"

"Taka ta wata ce. Tasa ta kalandar Bature ce. Saura kwana goma sha ɗaya."

Tun ina yaro na san azumi yana matsowa gaba kowace shekara, ya bi damina ya bi rani. Ban taɓa tambayar inda kwanakin suke zuwa ba. Ashe suna nan ajiye a shagon mai gas a ƙasar Sin suna jirana.

Na ce to, madalla, tunda takarda na da rai, ya cika min tukwanen a tsohon farashi.

Ya buɗe tafukan hannunsa. "Mei yo." Babu ke nan. "Olamfik."

"Wane Olamfik? An gama shi tun makon jiya, a Beijing ma aka yi!"

"Mei yo." Ya ajiye sabuwar takardar a kan tebur, ya ɗora biro a kai. In na sa hannu, gas zai fito yanzu.

Gaba kura, baya sayaki. In na kira mai keke, ta gaban shagonsa za ta wuce, ajiyata ta tafi. In na zauna, mutum talatin za su hawo benen nan gobe da magariba da bakinsu a bushe, ga wani ɗan Kumasi a hawa na shida yana dafa wake da shinkafa, yana jiran in yi tuntuɓe ya kwashe min mutane.

Alhaji ya sassauta murya. "Baba, ba abin kunya ba ne."

Na ɗauki biron na soke a bayan kunne, na ninke takardar na sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Na ce, "Gaya masa na gode, dama ina neman abin tokare shi."

Washegari bayan azahar na tsaya a ƙofar benen Tianxiu ina tare mutanena. Na san sirrinsu: duk ɗan kasuwar da ke kwana a otal yana da 'yar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa a ɓoye cikin jaka. Na ce wanda ke son buɗa baki a wurina ya kawo tasa aro. Kafin la'asar tara sun taru a ɗakina. Na kunna su gaba ɗaya, wutar benen ta ɗauke, wata tsohuwa a ƙasa ta yi min zagin da bai buƙaci tafinta ba. Daga nan na koyi kunna uku-uku.

Tuwon shinkafa ya yiwu. Miyar kuka ta yiwu, in ka yi haƙuri. Kunu ma haka. Ƙosai ne ya gagara, man ba ya zafi, ƙullun sai ya kwanta ya sha mai ya fito fari kamar mai jinya.

"Baba, wannan ƙosai ne ko ɗanwake ya yi hatsari?"

"Ci ka yi shiru, Alhaji. Lada kake nema ko maiƙo?"

Kwana na huɗu, mutum goma suka wuce ƙofata suka hau hawa na shida. Ina jin takunsu. Kowace safiya in na fita cefane laoban yana zaune a bakin shago, sai ya kaɗa min wata sabuwar takardar. Ni kuma in ɗaga masa yatsu, in nuna kwanakin da suka rage. Yanzu kam da kalandarsa nake ƙirga, Alhaji ya zana min layuka a bango, kullum in goge ɗaya. Rana ta takwas, ban ɓoye muku ba, na tsaya na daɗe ina kallon biron nan. Bayana kamar zai ɓalle don tsugunno gaban tukwanen wasan yara. Sai na tuna dariyarsa.

Ranar da layin ƙarshe ya goge, ni da Alhaji muka sauko da tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Laoban ya juya kowacce yana neman lotsawa. Bai samu ba. Ya miƙo ajiyar yana kallon wani waje. Mai keke na tsaye a bayana tun kafin ya rufe aljihun tebur, na juya na miƙa mata a gabansa.

Bayan babbar Sallah farashin ya rikito, waɗanda suka dangwala suna ta ƙunƙuni. Alhaji ya ce na yi hangen nesa. Ba wani hange, da ya ci gaba da hawa ma ba zan sa hannun ba. Cikin goman da suka hau sama, shida sun sauko. Huɗu har yau ban yafe musu ba.

A yammacin da wutar gas ta dawo kuwa, murna ta sa na buɗe ta gaba ɗaya, kaskon farko ya ƙone ƙurmus. Alhaji ya ɗauki ɗaya, baƙi ƙirin, ya jujjuya shi.

Na ce, "Cinye shi. Kwana goma sha ɗaya kana kukan ƙosai."