Jar fatar Baba a wutsiyar jirgina

Ko na tsufa na manta sunan kaina, ranar da jirgina ya faɗo a gaban mahaifina ba za ta fita daga raina ba.

Gyaran rediyo nake yi a Damagaram, amma tun ina lakkol, wato makarantar boko, ƙera ƙananan jiragen sama ne ciwona. Shekara biyu na yi ina haɗa wani da farin soson kwalin firji, mai tsawon gaba guda, wato buɗin hannuwa biyu, wanda ake tuƙawa daga ƙasa da telekomand. Baba kuwa baduku ne, kuma a ganinsa duk wannan wasan yara ne. Lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce da wuya ya kai wata damina yana gani. Burina ɗaya ne, ya ga jirgin a sama kafin duhu ya zo.

Wata safiya na shigo gida na tarar ya ɗora jirgin a cinya. A bayan wutsiya akwai wani ɗan marfi mai motsi, shi ke sa jirgi ya hau ko ya sauka. Baba ya lulluɓe shi da jar fata mai zane, har da tuntaye, ya cire maƙalan roba da na sa ya ɗinka na fata mai laushi.

"Ba a fita da abu tsirara gaban mutane," in ji shi. "Yanzu ya zama na gidanmu."

Na taɓa marfin, na ji ya yi nauyi ta baya, yana kuma lilo sako-sako. Na san ba daidai ba ne. Amma wannan ne karo na farko da ya sa hannu a aikina, ni kuma ban taɓa ce masa a'a ba. Sai na ce, "Ya yi kyau, Baba."

Bayan an cire gero muka fita wata gona a hanyar Takieta. Jirgin ya tashi lafiya lau. Baba ya kare ido da tafin hannu yana cewa, "Ga shi can, ina ganin jan." Daɗi ya ɗebe ni, na ƙara wuta. Nan take wani kuka ya fito daga wutsiya, firrr, kamar takarda a wayar keke. Iska ce ke kaɗa marfin sama da ƙasa, nauyin fatar na ƙara masa karkarwa. Maganinsa a rage gudu nan da nan. Ni da ruɗewa sai na ƙara, wai in juyo da shi da sauri. Marfin ya tsinke, jirgin ya kifo da ka ya tarwatse cikin karare.

Baba ya lallaɓa ya tsinto jar fatar, ya daɗe yana shafa ta.

"Aikina ne ya kashe shi, ko?"

"A'a Baba, batir ne."

"Kai ma ka koyi yi mini ƙarya don ba na gani sosai."

Daga ranar bai sake ɗaukar basilla ba. Na yi ta roƙo, ya ce hannun da ya ɓata wahalar ɗansa ya huta.

Na ƙera wani jirgin. Na ɗaure marfin tam, na toshe ratar da ke tsakaninsa da wutsiya, na sa ɗan nauyi ta gaban maƙalan. Amma ya ci mini wata takwas, kuma yanar ba ta jira ni ba. Na kai Baba gonar, jirgin ya yi ta shawagi ba ko gezau. Ya ɗaga fuska inda ba can jirgin yake ba.

"Wannan ba ya kuka," ya ce. "Wane launi ne?"

Na ce fari ne. Ya ce to.

Yau shekara shida da rasuwarsa, har yanzu raina na ɓaci da kaina. Da na buɗe baki a waccan safiyar, da a goshin jirgin zai ɗinka fatarsa, mu tashe shi tare. Abin da na koya shi ne, shirun da na ɗauka ladabi ne, tsoro ne kawai, kuma Baba ne ya biya shi da ganinsa na ƙarshe.