Busasshen Wanka a Rumfar Doña Nélida

"Wa ya ce ka huda rariyar a hagu?"

"Mutumin cikin waya."

"Mutumin cikin waya. To shi ne zai yi wankan?"

Doña Nélida Zalazar tana durƙushe a cikin tsohuwar motar Don Fermín, tana danna jiƙaƙƙen katako da ɗan yatsa, ruwa na tsattsafowa. Don Fermín kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire hula yana murza ta kamar ɗan makarantar da aka kama da satar lemo. Motar ɗaukar burodi ce ya saya bayan ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya sa mata gado da murhu, sannan ya keɓe wani lungu ya yi ɗan banɗaki da shawa, yana bin wani bidiyo daki-daki. Ranar gwaji, a ƙofar gidansu, ruwan ya ƙi bin rariya, ya taru a ɗaya kusurwar, ya haye ya jiƙa katifa.

"Miƙo wayar," in ji Nélida. Ta kalla kaɗan, ta tsayar da hoton. "Duba nan, chamigo, abokina. Sitiyarin motarsa a wane gefe yake?"

Fermín ya matso da ido. "A dama."

"To a ƙasarsu hannun hagu suke bi, motarsu hagu take karkata in an ajiye ta bakin titi. Kai da ka tsufa kana tsayar da bas a gefen dama, ina ruwan sama yake gangarawa?"

Ya dafe goshi. Masuntan da ke zaune bakin rumfar Nélida suna zagaya ƙoƙon shayin mate suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su, har shi kansa ya shiga ciki. Amma tasa dariyar ba ta yi nisa ba.

"Griselda ta ce ba za ta je ba," ya ce a hankali.

Duk unguwar ta san maganar Griselda, matar Fermín. 'Yarsu tilo ta haihu a Río Gallegos, can ƙarshen kudu, tafiyar kwana da kwanaki a mota, har jaririyar ta fara zama kakarta ba ta ɗauke ta ba. Jirgin sama, Griselda ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce. Hanya kuma, tun da aka yi mata aiki aka cire mata nono guda, ta rantse ba za ta tuɓe riga a banɗakin gidan mai ba, inda mata ke layi da tawul a kafaɗa, ƙofa ba sakata. Shawar cikin mota ce kaɗai ta rage wa Fermín, ga ta ta ci amanarsa.

Ku bar shi nan da hularsa tukuna, ku san wadda ya zo wurinta.

Kowace safiya, kafin zafin garin Goya ya buɗe ido, Doña Nélida takan ja ƙofar kwanon rumfarta da ke bakin kogin Paraná, ta ɗora buta a wuta, ta kunna rediyo mai kiɗan chamamé, ta ɗaure gashinta da tsohon ƙyalle. Mahaifinta gyaran kwale-kwalen masunta yake yi, a hannunsa ta koyi shimfiɗa ƙyallen gilas da shafe shi da gam mai warin nan, har ya daskare ya yi santsi kamar cikin ƙwarya. Da mutane suka fara mai da tsofaffin motoci gidajen tafiya, wani ya zo ya tambaye ta ko za ta iya yi masa ƙasan shawa. Ta ce me zai hana, ai shawa kwale-kwale ce da aka juya cikinta waje: can ruwa ake hana wa shiga, nan fita ake hana shi. Tun daga ranar ba a rasa mota a ƙofar rumfar.

Sai dai ita ba ta yi wa kowa aikin da hannunta. Kai za ka riƙe zarto, kai za ka shafa gam, ita tana zaune a kan juyayyen bokiti tana yi maka faɗa. "Ranar da famfonka zai mutu a tsakiyar daji, ni ina nan ina shan mate," haka take cewa. "Hannun da ya haɗa shi ne zai gyara." Akwai wata mai sayar da zuma da ke yawo kasuwa-kasuwa, wadda ta zo ba ta san kan sukurdireba ba. Bututun ruwan motarta ya tsage a kan duwatsun Salta, ta gyara abinta da kanta, ta aiko da hoton hannunta baƙi ƙirin da tulun zuma. Masuntan nan sun ga ranar da Nélida ta buɗe tulun tana share ido, tana cewa warin gam ne.

Ke ce, Doña Nélida, mai koya wa ruwa ladabi. Littattafan soyayya sun cika da wata da furanni da wasiƙu masu ƙamshi, ba wanda ya tsaya ya rubuta namijin da ya durƙusa yana goge katako don matarsa ta yi wanka cikin sutura, ko macen da ta nuna masa yadda zai yi. Ke kin san wannan soyayyar, a rumfarki take kwana.

Akwai kuma al'adarta da ta fi komai suna, wadda take kira busasshen wanka. Ba ta fara auna mota, mai wankan take aunawa. Za ta tsayar da mutum a tsakiyar rumfa da kayansa a jiki, ta ce ya yi wanka, ya cuɗa kai, ya sunkuya ya wanke ƙafa, ita tana zagaya shi da alli tana shata inda gwiwar hannu ta kai da inda ɗuwawu ya tsaya. Manyan mutane masu tumbi sun yi wannan rawar a gaban masunta, ana tafa musu.

"Wa ka auna da ka yi wannan?" ta tambayi Fermín.

"Ni."

"Kai ne ka ƙi tafiyar?"

Da azahar Griselda ta iso da kwanon chipá, burodin rogo mai zafi, a ƙarƙashin tawul. Gajeruwa ce, mai kaifin harshe, ta yafa gyale duk da zafin.

"Na kawo wa injiniya abinci," ta ce. "Nélida, ki taimake ni ki ce masa ya sayar da wannan akwatin. Na auri direba, na wayi gari da mai noman shinkafa a kan katifa."

"Haba tsohuwata," in ji Fermín, "kuskure ɗaya."

"Ɗaya? Tsoho, kar ka sa in fara lissafi a gaban mutane."

Nélida ta ɗauki chipá guda ta gutsura, ta dubi mazan. "Ku tashi ku je ku dubo mini ko kogin yana nan."

"Yana nan mana, ga shi can."

"Ku je ku tabbatar. Da kai, Fermín. Kada ku dawo sai na kira."

Ta ja ƙofar kwanon ta rufe. Abin da ya faru a ciki, Griselda ce ta ba da labarinsa da bakinta, ta kuma ce a rubuta.

"Ba zan yi rawar nan taki ba," ta ce.

"Ba mai kallo, 'yar'uwa. Daga ni sai alli, shi kuma ba ya gulma."

Griselda ta daɗe tsaye. Can ta ajiye gyalen, ta ɗaga hannun hagu ta kai shi kai. Ta ɗaga na dama, ya zo daidai kafaɗa ya tsaya. Ta sake gwadawa, fuskarta ta yamutse, hannun ya sauko.

"Iyakarsa ke nan," ta ce. "Tun aikin."

"Fermín ya sani?"

"Ya sani. Yana yi kamar bai gani ba don kada in ji kunya. Shi ya sa ya rataye kan shawar can sama kamar ta gida, wai ni lafiya lau nake. A gidan ma da kofi nake wanka, in saki shawar tana zuba don ya ji ƙara." Ta yi wata 'yar dariya mai rawa. "Kin ga mu? Tsofaffi biyu, kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙarya saboda so."

Nélida ba ta ce Allah sarki ba, ba ta rungume ta ba. Ta tura mata bokitin da take zama, ta ce, "Zauna. Yi wankan a zaune." Griselda ta zauna ta yi, alli na bin ta. Aka shata wurin benci. Aka shata inda tiyo zai rataya, ƙasa-ƙasa, ta hannun hagu. Labulen roba da Fermín ya sa, Nélida ta ce a ba masunta su rufe kifi, ƙofa za a yi, da sakata ta ciki.

"Madubi fa?" ta tambaya, idonta a kan bango.

"Ƙarami. Na fuska kawai."

Nélida ta zana ɗan da'ira kamar faranti. Griselda ta dube shi, ta dube shi, sannan ta karɓi allin da hannun hagu ta ƙara masa tsawo har ƙasa.

Da aka kira maza, Fermín ya tsaya gaban zanen. Ya ga benci, ya ga inda tiyo ya sauko, ya gane. Ya sunkuyar da kai a kan zanen.

"Kar ka yi mini kuka a kan alli," in ji Griselda. "Ɗauki zarto. Kuma ban ce zan je ba."

Ya ɗauka. Ya ɓalle duk abin da ya yi da farko, ya sake daga tushe, Nélida na kan bokitinta tana ce masa gam ɗin ya yi kauri, gam ɗin ya yi ruwa, wannan kusurwar ko jikarsa ta fi shi iyawa. Aka huda rariya a dama, aka ƙara wata a kusurwar gaba don ranar da mota za ta tsaya a gangare. Da ƙasan ya bushe, aka yi gwajin da ba motar da ke barin rumfar sai ta ci shi: aka kai ta gangaren da ake sauke kwale-kwale, aka tsayar da ita hanci ƙasa, aka juya ta hanci sama, kowane karo Nélida na tuttula ruwan buta tana bin sa da ido. Ruwan ya bi hanyarsa sumul, ko ɗigo bai yi gardama ba.

Wannan ce motar ƙarshe. Warin gam ya kama ƙirjin Doña Nélida, likita ya ce ya isa haka, ƙarshen watan nan za ta rufe rumfar. Shi ya sa ranar Lahadin da ta wuce unguwa ta taru a bakin kogi, aka gasa nama da kifi, aka kawo mai kiɗan akodiyon. Ana cikin ci, ba wanda ya ce mata komai, Griselda ta tashi da tawul da sabulu a jaka, ta hau motar. Aka ji ƙarar sakata. Aka ji ɗan injin famfo ya fara gurnani. Fermín ya ajiye wuƙarsa, ya zuba wa motar ido.

Yayin da ruwan ke zuba, bari mu faɗi abin da ya tara mu.

Mun gode, Doña Nélida. Ke ce ba a taɓa rubuta sunanki a jikin mota ko ɗaya ba, alhali a kowace hanya ta ƙasar nan akwai wanda ke wanke gajiyar tafiya cikin ƙwaryar da kika koya masa yi. Kin ba mutane abin da ya fi aikin hannunki, kin ba su nasu hannun. Mun gode da faɗan, mun gode da dariyar, mun gode da ranar da kika san ya kamata a kori masu dariya a rufe ƙofa. Ku kuma masu sana'a, kafinta ko tela ko mai gini, kafin ku zaro tef ɗin awo, ku tsaya ku dubi wanda zai yi amfani da abin, ku ga inda hannunsa yake kaiwa da inda yake tsayawa. In kun iya abu, ku zaunar da wani ku koya masa tun ƙirjinku na da ƙarfi.

Famfon ya yi shiru. Mai akodiyon ma ya tsaya. Nélida ta ci gaba da zuba ruwa a ƙoƙon mate kamar ba abin da ya dame ta, sai dai ƙoƙon ya cika yana zuba a ƙafarta ba ta lura ba.

Sakata ta buɗe. Griselda ta sauko da jiƙaƙƙen gashi, tawul a wuya, ba gyale. Ta dubi taron ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin wadda ta yi wanka ba?"

"Tsohuwata," in ji Fermín, "ruwan ya..."

"Ruwan ya yi sanyi da farko, sai ka duba hitar nan." Ta goge kunne da gefen tawul. "Kira yarinyar nan ka ce ta share mana wurin ajiye mota, ta kuma daina aiko mini da hotuna. Ranar Asabar za mu kama hanya, zan je in ɗauki jikata da hannuna."