Yadda Sallau Ya Sami Wurin Zama a Motarsa

Ranar da na faɗi a tashar Damagaram ba kowa ne ya ture ni ba. Ƙafata ta hagu ce ta yi barci tun daga Kance ban sani ba. Mu huɗu aka jera a kujerar baya, ni a jikin ƙofa, wata baiwar Allah mai jiki ta ajiye mini rabin nauyinta a cinya, ta ɗora ƙwaryar fura a kai. Da muka iso, direba ya zagayo ya buɗe ƙofar ta waje, don ta ciki ba ta da hannu. Na gyara hula, na zuro ƙafa zan sauka kamar babban mutum, sai ƙafar ta ce ba ta san ni ba. Na tafi gaba ɗaya na durƙusa a gaban wani mai rake, hula ta yi nata waje.

Mai rake ya firgita. "Tashi, Malam, tashi! Ko me ka yi mini na yafe."

Taubashina Sallau ya sauko daga gaba a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ya tsaya a kaina, bai ko miƙo mini hannu ba.

"Bashir, tafiya ɗaya har ka fara neman gafarar mutane? Ni da nake wannan hanya tun kana wasan ƙasa fa?"

Sallau ɗan ƙanwar babana ne, saboda haka tsakanina da shi babu kunya, zagi ma gaisuwa ce. A Icirnawa aka haife shi. Ubansa kanwa yake sayar wa masu dabbobi, shi kuma da ya tasa ya dawo Matameye ya ƙara da maganin tsutsa, maganin kaska, gishirin lasa da allurai. Sana'ar ba ta zaman shago ba ce. Makiyayi ba ya baro shanunsa ya zo gari neman ka, kai za ka same shi ranar kasuwa, yau Ɗan Barto, gobe Kance, jibi wani ƙauyen da ko sunansa ba ka taɓa ji ba. Rayuwar Sallau kusan duka a cikin motar haya ya yi ta.

To, Allah ya yi shi siriri. In ya juya gefe sai ka neme shi. Wanda ya san motocinmu na haya kuwa ya san kujerar gaba mutum biyu take ɗauka, mai jiki a jikin ƙofa, siriri a ciki kusa da direba, rabinsa a kujera, rabinsa a iska saman sandar giya. Wannan wuri kamar da sunan Sallau aka ƙera shi. Direbobin tasha in sun hango shi tafe da kwalinsa sai murna: "Ga Sallau nan, mota ta cika!" Har ya kai ga yana gane lokacin canza giya da kunne, ya ɗaga gwiwa kafin direba ya miƙo hannu. Wani direba ya taɓa rantse mini cewa in ya manta bai canza ba, gwiwar Sallau ce ke tuna masa.

Muna dariya, bayansa yana karkacewa. Matarsa Jamilatu ta yi gashin ruwan zafi har ta gaji, wanzami ya kafa ƙaho har ya rasa inda zai kafa. Sallau ya koma salla a zaune, a sahun tsofaffi, shi da ko furfurar kirki bai gama yi ba. Daga ƙarshe likita ya ɗaga hoton ƙashinsa ya duba, ya ce masa abu biyu ne: ko ya bar tafiya, ko ya riƙa zama kamar mutum. Barin tafiya kuwa barin tuwo ne. Sai ya sayar da bijiman da ya yi kiwo da ƴar gonar da ya gada a Icirnawa, ya ce mota zai saya. Ranar da na durƙusa wa mai rake, rakiyar sayen motar na yi.

Muka je inda ake jera tsofaffin motocin da ake kawowa daga Kwatano. Dillali ya tarbe mu da fara'a, ya ɗaga murfin injin wata ja yana cewa, "Alhaji, zo ka ji moter, kamar agogo." Sallau, da bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, ya karɓi Alhajin, ya wuce murfin, ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza. Ya tuɓe takalmi kamar zai shiga masallaci, ya zauna, ya rufe ido.

Dillali ya dube ni. Na ce, "Ƙyale shi, da baya yake ciniki."

Haka muka wuni. Wannan ta cika tauri. Wannan ta cika laushi, mutum nutsewa yake yi, tashi sai an ja shi. Wannan gajera ce, ba ta kai bayan gwiwa ba. Wata mai kujerar fata dillali ya yi ta yabo, Sallau ya ɗora tafin hannu ya janye da sauri, ya ce shi bai zo a gasa shi ba, a kai ta inda babu bazara. Can wajen la'asar ya shiga wata tsohuwa mai launin toka, kujerarta ta yadi mai faɗi, da tudu daidai inda ƙugu yake so, da ɗan hannu a gefe in ka ja ta kwanta. Ya ja, ta kwanta, shi ma ya kwanta. Ban gama hira da mai shayi ba sai minshari.

Da ya farka ya ce a fita da ita. Dillali ya nufi gudro, wato titin kwalta, Sallau ya ce a'a, shi kasuwanninsa ba a kan gudro suke ci ba, a bi ta bayan gari inda amalanke ke bi. Aka bi. Ni a baya ina karanta duk addu'ar da na sani, shi a gaba yana murmushi.

Na ce, "Sallau, ka ji moter ɗin nan kuwa? Tari take yi kamar tsohon mai taba."

Ya ce, "A kan moter zan zauna?"

Tuƙi bai iya ba, saboda haka ya ɗauki Manu, wani dattijon direba da ya gaji da rigimar tasha. Manu ya kawo mu gida, Sallau a kishingiɗe kamar farfe, mai mulkin yanki, yana ɗaga wa jakuna hannu. Ka riƙe wannan tafiya da kyau, don kusan ita ce rabonsa.

Washegari aka ce sabuwar mota sai da addu'a. Aka ɗauko Liman. Liman kuwa ba a baya yake zama ba. Ya zauna, ya yi addu'a, ya ja ɗan hannun nan, ya ƙara wata addu'ar. Kafin azahar duk unguwa ta ji cewa motar Sallau tana da kujerar da ke maganin ciwon baya.

Ranar kasuwar Ɗan Barto Sallau ya fito da kwalinsa ya tarar da surukinsa Alhaji Rabo, baban Jamilatu, tsaye jikin ƙofar gaba da sandarsa. Wane ɗan halas ne zai zauna gaba ya bar surukinsa a baya? Sallau ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa ƙofa da hannunsa. Alhaji Rabo ba shi da abin saye a Ɗan Barto, ba shi da abin sayarwa. A cikin mota yake wuni, a sayo masa tsire, da yamma a dawo da shi. Mako na gaba ya sake zuwa. Ranar da bai zo ba mai unguwa ya zo. Ni ma, a matsayina na taubashi, haƙƙina ne, kuma ban bar haƙƙina ya lalace ba.

Sallau ya koma baya. Bayan ma ba nasa ba ne, don mota a Matameye ba ta fita da wuri a buɗe. Wannan za ta gaida mai jego, wannan zai kai buhun gero, wannan dai ya ga ana shiga. Kowa ya zo sai ya ce, "Kai ai na gida ne, ɗan matsa." Ya matsa, ya matsa, har ya isa tsakiya, kan tudun nan, kwalin allurai a cinya. Wata rana bayan motar ya cika maƙil, ga wata tsohuwa tsaye tana kallonsa da ido. Manu ya leƙo ya ce, "Maigida, ko za ka dawo nan kusa da ni?" Da idona na ga Sallau ya hau saman sandar giya a motar da ya sayar da gonar ubansa ya saya. Gwiwarsa ma ba ta manta aikinta ba.

Ya gwada dabaru. Ya kai motar ta riƙa kwana gidan Manu, jama'a suka koma ƙofar Manu. Ya ce ta lalace, suka zo suka taya shi turawa. Jamilatu ta ce, "Malam, ka buɗe baki ka ce a'a mana."

Ya ce, "To, ki fara da babanki."

Ta ce tuwonta na ƙonewa.

Ciwon bayan ya fi na da tsanani. Ya fara dogara sanda, kasuwa ɗaya yake iya ci a mako, makiyayansa suka fara sayen magani wajen wani. Wata rana muna zaune a zaurensa, yana kwance rub da ciki a tabarma, sai ya ce, "Bashir, ka taɓa ganin wanda ya ce wa Manu ya matsa?"

Na ce ban taɓa ba.

"Liman bai ce ba. Alhaji bai ce ba. Kujera ɗaya ce a motar nan da ba a roƙo."

Nan take ya aika a kira Manu, ya ce koya masa tuƙi zai yi. Muka tafi filin bayan lekwal, makarantar boko, ni na bi su don kada abin dariya ya wuce ni. Manu ya sauka, ya kwashe wani buhu da tsohuwar darduma da yake ninkawa a ƙarƙashinsa. Sallau ya tuɓe takalmi, ya yi bismilla, ya zauna, ya yi ƙara ya miƙe har ya bugi rufi.

Kujerar direban rami ce. Wanda ya mallaki motar a can ƙasarsu da alama da giwa suke dangi. Soson ya mutu, ta zurma gefe ɗaya, ga wani ƙarfe ya leƙo daidai inda bai kamata ba. Mutumin da ya wuni yana auna kujeru da ƙugunsa, har da barci, wannan ɗaya bai ko kalle ta ba, don a lissafinsa ta ɗan aiki ce.

Ya ce, "Manu, a kan wannan kake zaune ba ka faɗa ba?"

Manu ya ce, "Maigida, ka tambaye ni?"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ɗauka labari ya ƙare ke nan. Sallau ya mayar da buhun Manu ya hau. Ya koyi tuƙi a kan buhun, ya kayar da darnin maƙwabci, ya tsorata awakin unguwa har suka daina kwanciya a hanya, ya je ya dawo har ya samu farmi, takardar izinin tuƙi. Ya sallami Manu da mutunci. Sannan ya kai motar wajen mai walda ya ce a cire kujerun gaba a sauya musu wuri. Mai walda ya ce ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. Sallau ya ce shi ya sa bai kai wa tela ba. Aka yanke, aka liƙa. Mai laushin ta koma bayan sitiyari, ɗan hannunta ya dawo ta ciki. Ramin ya koma gefen manya. Buhu da darduma kuwa ya mayar wa Manu kayansa, ya ce amana ce.

Ranar kasuwa Alhaji Rabo ya zo kamar kullum. Sallau ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa ƙofa. Kafin su fita gari Alhaji ya ce ko ya koma baya ne. Sallau ya ce, "Haba Baba! Ka zauna baya mutane su ce ban da tarbiyya? Girmanka ne." Tun daga wannan rana Alhaji Rabo ya tuna ba shi da abin yi a Ɗan Barto. Liman ya ce tafiya da ƙafa ta fi lada. Har yau Sallau bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Mata da marasa lafiya yana zuba su baya, in kuwa babban mutum ne, shi da kansa yake tsayawa ya kira shi: "Bismilla, Alhaji, gaba, gaba!" Sai ka ga dattijo ya shige lungu kamar ya manta wani abu.

Yanzu a tsaye yake salla. Kasuwanninsa sun dawo. Tuƙinsa dai amalanke na iya wuce shi, moter kuma na nan da tarinta, amma yana isa.

Makon jiya na ce zan bi shi Ɗan Barto. Na nufi baya, ya ce wallahi bai yarda ba, ɗan kawunsa guda? Na shiga gaba. Na zauna da gefen dama, ƙarfe ya same ni. Na juya hagu, ya riga ni zuwa. Shi kuwa yana jingine, hannu ɗaya a sitiyari, yana bin kowane rami a natse kamar yana gaida dangi.

Na ce, "Sallau, ka ji tsoron Allah. Ko ɗan tsumma ka ajiye wa baƙo. Wannan ai ba kujera ba ce, hukunci ne."

Bai ko waiwayo ba.

"Tsumma kuma, Bashir? Ninka harshenka biyu ka zauna a kai, zai ma yi saura ka jingina."