Duwatsun Inno Masu Fure a Ciki

Ranar Larabar da aka ba mu hutun ƙarshen aji huɗu a firamaren unguwarmu ta Shinkafi, na tafi makaranta da duwatsun wuyan kakata Inno a ɓoye ƙarƙashin hijabi. Damina ta fara ja da baya, gero ya sunkuyar da kai a gonakin bayan makaranta. Sai da muka taru a gindin dogonyaro za mu yi gaɗa na fito da su, 'yan mata suka yanyame ni, kowa tana son ta taɓa. Da layi ya zo kaina na faɗa da baya, ƙawaye suka cafe ni suka cilla, sai na ji ɗas a wuyana. Zare ya tsinke. Duwatsu suka watse cikin rairayi, ƙafafu suna ta bi ta kansu kafin waƙa ta tsaya.

Inno, mahaifiyar babana, ita ce mai shirya duwatsu ta unguwarmu. Da hantsi, bayan mun yi shara mun cika randuna mun zuba wa awaki harawa, takan zauna a ƙofar ɗakinta da faifai bisa cinya, mata suna kawo mata murjani da tsakiya da jigida tana jera su a zare. Amma waɗannan guda ashirin da bakwai ba ta taɓa ba kowa aronsu ba, cikin adudu suke a naɗe da tsumma. Na gilashi ne masu nauyi, kowanne da ƙananan furanni ja da rawaya da shuɗi, kuma ba shafa su aka yi a bisa ba, cikin jikin dutsen suke. Wurin mahaifiyarta ta gaje su, ita kuma mahaifinta bafatake ne ya sayo mata a hanyar Agadas. In an tambayi Inno asalinsu, iyakarta ta ce, "Waɗanga daga bayan teku suka hito."

Na koma gida da goma sha tara ƙulle a bakin hijabi, ina kuka tun daga zaure. Mahaifiyata ta ɗaga hannu, Inno ta tare ta. "Bar ta, bugu ba ya maido dutsi," in ji ta. Ta miƙo mini rariyar gari, ta ɗauki sandarta, ta ce, "Tashi mu tahi, ƙawata." Safiya uku muna zuwa filin makaranta. Ita da gwiwarta mai ciwo tana zaune bisa saiwar dogonyaro, ni ina tankaɗe rairayi tafi bayan tafi, ƙawayena biyu suna taya ni. Muka samo bakwai, ɗaya ya rabe biyu. Na ƙarshen ba mu gan shi ba har yau. Inno ba ta yi mini faɗa ko sau ɗaya ba, amma na ga ta haɗa ɓari biyun dutsen da ya rabe a tafin hannunta, ta daɗe tana dubansu, sannan ta share ido da gefen mayafi. Da duka aka yi mini da ya fi sauƙi.

Hutun nan duk a gefen faifanta na yi shi. Ta ce, "Wanda ya tsinka shi ka ƙullawa." Ta koya mini murza zare a cinya, da goga masa kakin zuma, da yin ƙulli a bayan kowane dutse don ko ya tsinke ɗaya kaɗai zai faɗi. Sau huɗu tana sa ni in warware. A na biyar ta ja zaren da ƙarfi, ta gyaɗa kai, ta mayar da su adudu.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai, bayan rasuwar Inno, na san inda bayan tekun nan yake. Biyar daga cikin duwatsun ne suka zo hannuna a gado, malamarmu ta zane-zane ta gan su a wuyana ta ce aikin Italiya ne, na wani tsibiri kusa da birnin Venis. Ta ce maƙeran gilashi na can sukan jera sandunan gilashi masu launi, su narka su su haɗe, su ja su har su sirance, sannan su yayyanka, kowane yanki ya fito da furensa. A da har hana su barin ƙasar ake yi don kada sirrin ya fita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce a can ma mata ne suke zama a ƙofar gida da tire bisa cinya suna jera ƙananan duwatsu a zare. Na so a ce Inno tana raye in kai mata wannan labari, na san dariyar da za ta yi.

Yanzu kasuwar Alhamis cike take da sarƙoƙin roba masu ƙyalli, 'ya'yana mata suna saye, in ɗaya ta tsinke a share ta da tsintsiya, gobe a sayo wata. Ba mai kawo wa kowa duwatsu a shirya masa, ƙofar ɗakin Inno ma an toshe ta da bulo. Ba na ganin laifin yaran. Ba su taɓa riƙe abin da ya isa a durƙusa a neme shi kwana uku ba.