Mutumin da Ya Ƙirga 'Ya'yan Fari

Kullum ƙarfe bakwai na safe Malam Abdulmuminu Maje zai turo babur ɗinsa Basfa daga wani lungu a Fagge, ya bi ta Bata, ya nufi ofishinsa na tsara makarantun jiha. Ba ya gudu. Idonsa na kan yaran bakin titi, leɓensa na motsi. Mutane sun ɗauka tasbihi yake yi, alhali ƙirga yara yake. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki bayan shekara talatin da biyu, kuma gaskiya mu abokan aikinsa hankalinmu bai kwanta ba.

A shekarar saba'in da shida, da arzikin mai ya kawo karatun firamare kyauta, shi aka ɗora wa tsara ajujuwan da kowace unguwa za ta samu. Ya tura ma'aikata gida-gida su tambayi iyaye ko suna da ɗan shekara shida. Jerin sunaye ya dawo, ya sa hannu, magina suka fara haƙa.

Saura wata uku a buɗe makarantu, abokin aikinsa Boniface, mutumin Sabon Gari, ya ajiye masa takardu biyu, jerin Fagge da na Sabon Gari.

"Malam, mutanen Fagge sun daina haihuwa ne? Yaran layinmu uku sun fi na unguwa guda a wajenku."

Malam ya duba takardar Fagge. Shi da ke ratsa yaran nan kullum, ya san takardar ba gaskiya ta faɗa ba. In aka tafi a haka, ɗaruruwan yara za su zo ranar farko a ce musu babu gurbi. Ga shi lokacin ba a daɗe da korar ma'aikata ba, mutum a rediyo yake jin sunansa. Kwana huɗu tuwo bai wuce masa ba.

Gwaggonsa Asama'u ce ta ga ya rame ta titsiye shi. Da ya gama bayani sai ta ce, "Wa kuka tambaya?"

"Iyayen yara mana, Gwaggo."

"Ayya, boko! Fagge cike take da sababbin magidanta da kasuwa ta jawo. Ɗan shekara shidansu ai na fari ne. Wace uwa za ta buɗe baki gaban baƙo ta ambaci ɗan fari? Ko kai, ka taɓa jin uwarka ta kira sunanka?"

 Malam bai taɓa ji ba. Har yau "wannan" take ce masa.

Kai ne, Malam, washegari ka shiga wajen manyanka, Boniface na tsaye a bakin ƙofa yana ji. Kana iya ɗora wa waɗanda ka aika laifin, babu mai tuhumarka. Sai ka ce, "Ranku ya daɗe, kuskuren nawa ne. In za a kore ni, a bari in gyara tukuna." Aka ba ka sati biyu. Kai ne ka canza tambayar, ka ce a bar iyaye, a nemi kakanni da gwaggonni. Su kuwa ba sa jin nauyin jika, har laƙabinsa za su ba ka. Aka ƙara ajujuwa, wasu na langa-langa, wasu ma rumfa ce kawai. Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗinka, ƙarin girman da kake jira ya wuce ka har yau.

Abin da ke damun mu ke nan. Sababbin jami'ai sun zo da digiri da motoci masu sanyi, kuma duk abin da takarda ta faɗa sun yarda. Wa zai riƙa tafiya a hankali ta Bata yana duba ko takarda ta manta da wani? Ku da za ku gaji kujerarsa, don Allah ku riƙa fita, ku san wanda za ku tambaya.

Mun gode, Malam Abdulmuminu, mai ƙirga wanda kunya ta ɓoye. Allah Ya saka maka da alheri. Boniface ya ce ranar da aka buɗe makarantu wata mata ta turo yarinya gabanka, ta kau da kai, ta ce, "Ga wannan." Ba ka tambaye ta suna ba. Ka buɗe rajista ka ce, "Ummakulsum, shiga aji. Kakarki ta riga ta faɗa mana."