Ƙafafun Tela a Kan Kuloci

Kakata, mahaifiyar Baba, wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi a zangon Kumasi. Tun da yamma take ɗora waken a wuta tare da karan dafi don ya yi ja ya yi laushi, kuma a gindin murhun nan muke taruwa, ni da ƙanena Sani da 'ya'yan maƙwabta. Tana iza itace tana ba mu tatsuniya. Ni ta fi tsokana. Takan ce ba ta taɓa ganin mai nacin labarin ban tsoro kamata ba, alhali ni ce ta farkon ɓuya a bayan zanenta. Gaskiyarta ce, har yau ban canza ba.

Yawancin tatsuniyoyinta sun ɓace mini. Guda ɗaya ce ta zauna daram, ta azumin 1969, ina da shekara goma.

A cikin azumin nan aka yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ni da Sani a Kumasi aka haife mu, amma Baba da Kaka daga Dogon Dutsi ta Nijar suka zo, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda sai ranar. Zango ya rikice. A tashar Res Kos mutane suna kwana a fili suna jiran manyan motoci, in an samu kuma a cusa su a tsaye a kan kaya. Innarmu tana da cikin wata takwas. Baba ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya ce ko za a yanka shi ba zai ɗora ta a wannan lodin ba.

Akwai mota a ƙofar gidanmu, tsohuwar akori-kura ta Baffa Idi, ƙanen Baba, wadda yake jigilar goro da ita. Shi Baffan an kama shi a tasha kwana biyu bayan shelar, aka loda su aka yi arewa da su ko sallama bai yi ba. Direba kuwa ya zama gwal, duk wanda aka nema an riga an ɗauke shi. Baba tela ne, bai taɓa riƙe sitiyari ba. Sai ya tafi Suwame, unguwar makanikai, wurin wani bakanike abokin Baffa, Ba'asante, ana ce masa Masta Kwaku. Masta ya ce ba zai iya barin iyalinsa ya bi mu ba, amma zai koya wa Baba tuƙi.

Hausar Masta ba ta wuce ta gaisuwa da faɗa ba, Baba kuma in ya tsorata duk abin da ya sani na Tiwi, yaren Asante, guduwa yake yi. Don haka aka zaunar da ni a tsakiyarsu ina tafinta. A wani jan fili bayan garejin Masta muka fara. Ya nuna wa Baba abubuwan takawa uku: kuloci na ƙafar hagu, birki da totur na dama. Ya ce a danne kuloci, a sa giya ta ɗaya, sannan a riƙa sakinsa a hankali ana taka totur. Baba ya yi bisimilla ya saki. Motar ta yi tsalle kamar akuya ta tsinke igiya, goshina ya bugu da ƙarfe, inji ya mutu.

Haka muka yi ta yi har kwana huɗu. Sitiyari bai ba Baba wuya ba, hannun tela ne, layi ba ya kuɓuce masa. Ƙafafun ne suka ƙi. Shekara ashirin yana taka keken ɗinki, ƙafafunsa biyu a kan mataki ɗaya, tare suke sauka tare suke tashi. In ya danna totur sai ta hagu ma ta danne kuloci, inji ya yi ta ihu mota ba ta motsa ba. In ya ɗaga ta hagu sai ta dama ta biyo ta, mota ta mutu.

"Kramo!" Masta yake daka masa tsawa, sunan da suke kiran Musulmi ke nan. "Wannan ba mashin ɗinki! Nkakra-nkakra!"

"Ya ce kaɗan-kaɗan, Baba," in ji ni. Sauran abin da yake faɗa da Tiwi ban taɓa fassarawa ba, ni ba mahaukaciya ba ce.

Rana ta biyar Masta ya kai mu wani tudu ya sa Baba ya tsaya a tsakiyar hawa, ya ce ya tashi daga nan. Ya ce hanyar arewa akwai kogi a Yeji, a jirgin fito ake hayewa da motoci, kuma daga jirgin sai an hau gangare mai santsi, ruwa yana bayanka. Baba ya saki birki, motar ta mutu, ta fara silalowa da baya. Na ƙwala ihu. Masta ya fizgi birkin hannu, muka tsaya dab da wani rami. Na dubi Baba, leɓunansa sun bushe da azumi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar ubana ba sai ranar, kuma wannan ya fi ramin firgita ni.

Da aka sha ruwa Baba bai iya cin komai ba. Na ji yana ce wa Inna, "Ni zan kashe ku a hanya, gara a kama ni." Ya ɗauki tabarma ya zauna can gefen rijiya, ya juya mana baya. Yaran maƙwabta duk sun tafi, mu biyu muka rage a gindin murhu. Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso, ba ta jira a kira ta ba."

Ta ce a wani gari gobarar daji ta taso, ba mafita sai a haye kogi, ga shi ba kwalekwale. Abin da ke bakin ruwa gungumen icce biyu ne kawai suna yawo, a ƙasansu kuma wani tsohon kada yana jira. Maharbin garin, ƙato mai ji da kansa, ya daka tsalle ya dira a kansu da ƙafa biyu, ya danne da ƙarfi, suka nutse da shi. Wani saurayi mai gudu ya taka ɗaya, ya fizge ƙafarsa don ya taka ɗayan, iccen ya suɓuce, shi ma kada ya yi kalaci. Saura wani masaƙi, matsoracin da ko kaza ta yi fiffike sai ya zabura.

A nan Kaka ta rage murya, sai ƙarar wuta. Ta ce masaƙin ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kowane icce. Sai ya ga in ya danna na dama kaɗan, na hagu yana tasowa. Ya tuna masaƙarsa, inda zare ba ya buɗewa sai ƙafa ɗaya tana sauka ɗaya tana tashi, ba mai riga wata. Ya shiga saƙa a kan ruwa, iccen suna tafiya da shi. A tsakiyar kogi kada ya fito da kai ya ce, "Kai, ba ka tsorona?" Masaƙi ya ce, "Ina ji, ranka ya daɗe, cikina duk ya ɗuri ruwa. Sai dai ban bar shi ya sauka ƙafafuna ba, suna da aiki." Haka ya isa gaɓa, ya ɗaura igiya, mutanen gari suka haye.

Sani ya yi tafi. Kaka ba ta kula shi ba, ta juya wajen rijiya inda Baba yake.

"Mamman, ɗan wa kake?"

Baba ya ce, "Ɗan Malam Garba."

"Mi Malam Garba yake yi?"

"Saƙa, Inna."

"Wa ya zauna masaƙarshi har ya shekara goma sha biyu, kafin ya ga keken Nasara ya raina ta?"

Daga inda nake na hango Baba ya miƙe ƙafafunsa a kan tabarma, yana danna ɗaya yana ɗaga ɗaya.

Ba zan ce washegari ya zama direba ba. Sau uku motar ta mutu a tudun nan, a na huɗu ta yi gurnani ta hau. Masta ya cire hula ya buga a gwiwa don murna. Sauran kwanakin ya koya masa sauya giya, da ja da baya, da sauka gangare ba tare da cire mota daga giya ba. Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika muka ɗaure kaya, keken ɗinki a tsakiya, Baba ya mayar wa mutane yadukan Sallarsu da bai ɗinka ba. Masta ya raka mu har bayan gari, ya sauka ya tsaya a bakin hanya yana ta ɗaga hannu.

Kwana biyu muka yi a layi a Yeji kafin mu shiga jirgin. Da muka isa ɗaya gaɓar, ma'aikatan jirgi suka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, direba kaɗai a mota. Gangaren ya fi na Masta tsayi, ga laka, ga ruwa baƙi ƙirin a ƙasa. Inna ta sauka da ƙyar tana riƙe da Sani. Kaka tana gaba kusa da Baba, ta ƙi motsi.

"Inna, ki sauka don Allah," Baba ya ce wa Kaka, shi ma Inna yake kiranta.

"Ba inda za ni. In ruwa za ta, ta tafi da mu biyu. Ja mu je."

Daga kan tudu nake kallo. Motar ta fito daga jirgi, ta kama hawa, ta kai rabi, sai inji ya yi tari ya mutu. Ta fara komawa baya. Mata suka ɗauki salati, Inna ta durƙusa a laka ta riƙe ciki. Sai na ji ƙarar birkin hannu, motar ta tsaya cak. Tsakanin tayar baya da ruwa bai fi taku uku ba. Wasu maza suka ruga da duwatsu za su tokare, direbobin da ke bayan Baba suna ta yi masa ihu. Inji ya tashi. Ƙararsa ta ƙaru a hankali, gaban motar ya ɗan ɗaga, ta tsaya kamar tana shawara, sannan ta fara hawowa taku-taku har ta iso inda muke.

Na ruga na buɗe ƙofar Kaka. Sai 'ya'yan carbi suka zubo ƙasa, wasu a cinyarta, wasu a ƙarƙashin kujera. Tsabar damƙa ta tsinke zaren, ya yanke ta a yatsa, ba ta ma sani ba. Ta dube ni ta ce, "Mi kike kallo, uwar tsoro? Tsince mini."

Mun isa Dogon Dutsi lafiya, can Inna ta haihu, can muka tarar da Baffa Idi. Baba ya miƙa masa makulli, bai sake tuƙi ba har ya bar duniya.

Na daɗe ina gaya wa mutane cewa tatsuniya ce ta fitar da mu daga Gana, kuma da gaskiya a ciki, ita ta raba ƙafafun Baba. Amma bayan rasuwar Kaka, ina da nawa 'ya'yan, na tambaye shi ko masaƙin ya tuna a gangaren nan. Ya dakata da ɗinki ya yi dariya.

"Wane masaƙi? Da motar ta mutu niyyata in buɗe ƙofa in dira. Sai na waiwaya na ga tsohuwa ta runtse ido, jikinta yana rawa ya fi nawa. Ashe duk kwanakin nan ta fi kowa tsoro. Ta san ni sarai, ta san in ni kaɗai ne zan bar wa ruwa motar da kayanmu duka, mu rasa abin da zai kai uwarku gida. Da ita a ciki kuwa, ina zan dira in je?"