Karkatacciyar Tsaga

Duk layin an san Mai Kitso da abu biyu: tsagarta miƙe take sambal, bakinta kuma ba ya hutawa. Mace kan zauna a gabanta ta tashi da kitso mai kyau, da faɗa kyauta.

Sai idonta na hagu ya fara hazo. Ta ɗora wa ƙwan lantarkin shagon laifi, aka canja, hazo na nan. Masu zuwa kitso suka riƙa zamewa ba sallama. Ƙanwarta kaɗai ta ci gaba da miƙa kai, har ranar da ta ja ta asibiti.

Likita ya ce ƙari ne a cikin idon, kuma cutar daji ce, amma daga huhu ta taso.

"Huhu? Ni da ko tari ba na yi?"

Ta tsorata ƙwarai. Abin mamaki, ba mutuwa ce ta fara faɗo mata a rai ba, kibiyar tsagarta ce. In ta ajiye ta, wace ce ita kuma?

Aka ɗebi ɗan nama aka gwada, aka dace irin tata cutar akwai ƙwayar da ke bin ta takanas. Likita bai yi mata alkawarin warkewa ba. "Danne ta za mu yi, Baba," in ji shi. Kullum da safe takan haɗiyi ɗaya. Ƙwayar ta sa ƙuraje suka feso mata, gefen farce ya tsattsage, ta yi ta mita tana shafa man kitso. Amma a hankali hazon ya riƙa ja da baya.

Wata safiya ƙanwar ta shigo, ta zame ɗankwali don zafi. Mai Kitso ta ƙura wa kan ido. Tsohon kitso ne buzu-buzu, tsagar ta nufi kunne ta dawo.

"Innalillahi! Wace marar tsoron Allah ce ta yi miki wannan aika-aika?"

"Ke ce, Yaya."

"Ni? Kuma kika yi ta yawo da shi?"

"To wa zan ba kaina? Jira nake ki gani da idonki."

Mai Kitso ta yi dariya har da hawaye, daɗi ya cika ta. Ta naɗe yatsunta da filasta, ta jawo kujera, ta laluɓo kibiya.

"Zauna. Kuma kika motsa, ranƙwashi."